Ƙugiyar da Na Raina

Shekarar da taki ya gagari manoma, firamarenmu a Tsanyawa ta samu na'urar wasan koyon karatu. Ni da ba a taɓa cutata a awon gero ba, na ce, "Malam, miƙo, in nuna wa 'yata Hauwa."

Hoton gona ya fito da kalmomi biyu, ƙasa da kasa. Na ɗauka ƙugiyar harafin ado ce, na danna marar ƙugiya. Na'urar ta kwarma: "Kasa!"

Malam ya ce, "Ta faɗi gaskiya, Alhaji."

Hauwa ta fi kowa dariya. Yanzu tana aure a Kaduna. In ta daɗe shiru, ni nake kiranta, don kawai in ji, "Baba, yau ƙasa ce ko kasa?"