Wasiyyar da Kawu Malam Bai Yi Mini Ba

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar damina ba, ranar da na kashe kawuna da babban yatsa, ina zaune a ofis a Tambuwal, ko tashi daga kujera ban yi ba.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ni mutum ne mai son a ce daga wurina aka fara ji. In mota ta faɗi a hanyar Sakkwato, ni ne zan fara sawa a gurup ɗin dangi da na 'yan ajinmu da shafina. In gero ya tashi a kasuwa, ni ne. Har suna aka laƙaba mini, Gidan Rediyo (kuma don rashin ta ido, daɗin sunan nake ji). Duk wanda ya ce na cika latse-latse sai in karanta masa amfanin waya: sada zumunci da isar da labari a kan lokaci.

Kawu Malam yayan mahaifiyata ne, yana zaune a Fakku ta ƙasar Kebbe, yana karantar da magidanta a zaurensa. Shi ya riƙe Inna bayan rasuwar iyayensu, shi ya aurar da ita, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Inna kuwa tana fama da hawan jini, likita ya sha ja mana kunne a kan duk abin da zai firgita ta. Wani abu game da Kawu shi ne bai yarda da hoto ba. Ko a ɗaurin aure ya ga an ɗaga waya, sai ya ja rawani ya rufe fuska.

To wajen ƙarfe goma na safe ina duba waya, sai na ga Balkisu, autar Kawu da ke aure a Jabo, ta ɗora hotonsa. Yana zaune a kan buzu, carbi a hannu. Babu rubutu ko ɗaya, sai 'yar alamar nan ta hannuwa biyu na addu'a. Wanda ba ɗan wajenmu ba, zai ce me ke ciki? To mu nan hoton tsoho ba ya hawa waya haka kawai. Amarya ake ɗorawa, da jariri, da sabon babur. In ka ga dattijo, an yi rashi ke nan. Balle Kawu da ba a taɓa ganin hotonsa ba, ga shi kuma na ji ƙishin-ƙishin ya yi zazzaɓi a makon da ya wuce.

Na kira Balkisu, waya a kashe. Na ce ai kuka take yi. Na kira wani maƙwabcin Kawu sau biyu, ba ta shiga ba, don a unguwarsu sai an fita bayan gari ake samun sabis. Mai hankali a nan zai jira, ko ya hau babur ya je ya gani da idonsa. Ni abin da ya faɗo mini a rai shi ne, kada wani ya riga ni.

Na kwafi hoton, na buɗe da Innalillahi, na jero kyawawan halayen Kawu, na ce jana'iza bayan azahar (ba wanda ya gaya mini, na ga dai haka aka saba). Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Sai na ga rubutun bai yi armashi ba, na ƙara da cewa ni ne na ƙarshe da ya gana da shi, ya riƙe hannuna ya yi mini wasiyyar da ba zan manta ba. Jama'a, shekara biyu rabona da Fakku.

Nan da nan waya ta hau ƙara. Allah ya jiƙansa, Allah ya ba ka haƙuri, Allah ya ba ka ikon riƙe wasiyya. Na yi hawaye, wannan gaskiya ne, ina son Kawu. Amma ina share hawayen ina leƙa mutum nawa suka tura gaba.

A al'adarmu ba a dankara wa makusanci labarin mutuwa. Dattijo ake turawa, ya zauna, a gaisa, ya sha ruwa, sannan ya ce jikin wane ya motsa, a shirya a je dubiya. Kafin a isa zuciya ta riga ta shirya. Haka na yi niyyar yi wa Inna, har ina bitar maganar a kan babur. Ita ba ta riƙe babbar waya, saboda haka hankalina a kwance yake. Na manta maƙwabta suna riƙewa.

Tun daga ƙofar gida na ga takalman mata birjik. Na tarar da Inna kwance a tabarma, ana yi mata fifita, an jiƙa mata ɗankwali da ruwa. Ashe wata maƙwabciya ce ta shigo da salati, ta karanta mata rubutuna tun daga farko har ƙarshe, da sunana a sama. Inna ta dube ni, idanunta jajur, ta ce, "Ka hwaɗa ma duniya dut, ni da munka sha nono guda da shi ba ka hwaɗa min ba?"

Na nemo motar haya, muka kama hanyar Kebbe, dangi na biye da mu a kan babura, taɓo na fallatsa. A hanya sau uku Inna tana riƙo hannuna tana tambayar abin da Yaya ya ce mini a wasiyyar, da kuma yaushe na je ban gaya mata ba. Ni kuwa sai in ce ta bari ta natsu tukuna.

Mun isa ana shirin azahar. Ƙofar gidan Kawu cike da mutane. Ga na Kebbe, ga na Jabo, ga wasu Fulani ɗalibansa da suka baro shanu a ruga suka taho a ƙafa. Har da wasu magidanta da diga da shebur a jingine da bango. Abin da ya ɗaure mini kai, ba mai kuka. Ina fitowa daga mota aka dare mini hanya, kowa na kallona kamar an kamo akuyar da ta yi ɓarna a gona.

Na riƙe Inna muka shiga zaure. Ga Kawu a kan buzunsa, ƙwaryar fura a gabansa, ludayi a hannu.

Inna ta sulale ta zauna a ƙasa, ta ja jiki har gabansa, ta kama ƙafarsa tana taɓawa. Ya ajiye ludayin ya ce, "Ni na, Ige. Ban tai ba tukuna." Ya sa aka shigar da ita cikin gida, sannan ya juyo kaina. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"An ce kai ar rediyo," in ji shi. "Karanta muna. Ba kullum mutum ka samun jin ta'aziyyatai da kunnenai ba."

Na ciro wayar, na fara karantawa a gaban malamai da dattawa. Duk halin kirkin da na ambata sai ya gyaɗa kai ya ce Allah shi sa hakanan. Da na zo kan maganar wasiyya sai na yi wuf na tsallake. Wani daga bakin ƙofa, mai riƙe da tasa wayar, ya ce na bar layi biyu. Na koma na karanta su da wata 'yar murya da ban san ina da ita ba.

Kawu ya ce, "To mi nac ce maka? Hwaɗi in amfana, don ni na mance."

Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Can ya ce, "Shekara biyu ban gan ka ba. Ashe hanyar Fakku ba ta ɓace maka ba, gawa kaka jira."

Daga baya aka gano kan zancen. Balkisu sabuwar waya ta yi, ta zo gaida mahaifinta ta ɗauke shi a sace, ta koma Jabo ta ɗora don ƙauna, sannan ta kai wayar wurin mai caji. Shi ke nan fa. Inna kuwa kwana huɗu ta yi a gadon asibiti, kuma har yau hannunta na hagu yana ɗan rawa in ta ɗauki kofi. Duk lokacin da na gani sai na kawar da kai. Ta yi wata guda in na gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango.

Na rubuta gyara da ban haƙuri, amma waɗanda suka tura na farkon ba su ga ya cancanci turawa ba. Bayan wata uku wani ya tare ni a kasuwar Tambuwal yana yi mini gaisuwar rashin Kawu. Wani abokina kuma, wai don ya kwantar mini da hankali, ya ce ai ko ba komai na tara dangin da suka daɗe ba su haɗu ba, ga amfanin waya nan. Na ce ya je ya gaya wa Inna haka.

Tun daga nan duk wata nake hawa babur in je Fakku, in zauna a zaure waya a aljihu. Shekara ta zagayo da 'yan watanni, wata safiya sai ga Baffa, ƙanin mahaifina, a ƙofar gidana. Ya zauna, muka gaisa, ya sha ruwa, ya tambayi aiki da iyali. Sannan ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni wayarka." Na ba shi. Sai da ya jefa ta aljihun babbar rigarsa ya dafe, kana ya ce, "Jikin Malam ya motsa. Tashi mu tai mu ɗauki Innarka."

Na gane. A wannan karon Inna da ƙafarta ta shiga mota. Wayar ta kwana uku a aljihun Baffa, kuma abin da ya fi ba ni kunya, babu mutum ɗaya da ya rasa jana'izar don Gidan Rediyo yana rufe.