Rasuwar Kwalkwali, Mai Rufe Bakin Kitse

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙarni, mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta ɗaki na ƙarshe a asibitinmu tana sanar da rasuwar abokin aikinta, Kwalkwali, wanda ake kifa wa maras lafiya a kai kafin a tura shi cikin babbar na'ura.

Marigayin mai kunne ne. Sinadaran ƙwaƙwalwa raɗa suke yi, kitsen da ke ƙarƙashin fatar kai kuwa ihu yake kamar ɗan kamasho. Da taimakon marigayin ake rufe wa kitsen baki, har likita ya ji raɗar, ya gane ko ƙari mugu ne ko mai sauƙi. Bai taɓa ƙorafi ba. Iyakar maganarsa idan an rufe shi, “ƙas”.

Ciwon ajalinsa 'yar ƙara ce a mahaɗi, “ƙiii”. Shugaban sashe, mutumin da ke gyara komai bai tambayi kowa ba, ya zaro kwalbar man gashinsa, ya lakato da yatsa, ya dulmiya wa bawan Allah ciki da waje. Tir! Wanda ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da kitse, shi aka yi wa ɗurar maiƙo.

Washegari aka kwantar a na'urar da yayar mai hoton, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ciwon kai ya hana ta ɗinki. Sakamako ya fito, kitse ko'ina, irin alamar mugun ƙari. Har likita ya fara sassauta murya zai faɗi mugun labari, sai mai hoton ta buɗe marigayin, ta tarar da man gashin ya daskare da gashi da ƙura, ga wani kyankyaso ya yi wafati a ciki. Sai da ta fita ta yi amai.

Ya rasu ya bar babbar na'ura cikin takaba, da ƙannensa biyu, na gwiwa da na kafaɗa, waɗanda ba su san komai game da kai ba. Ya kuma bar Yaya a kan benci, tana jiran a faɗa mata ko maiƙon nata ne ko na shugaba. Sabon kwalkwali, an ce, sai kwamiti ya zauna.

Za a yi jana'iza bayan azahar a ɗakin tarkace, kusa da mataccen firji. Mai hoton za ta karɓi gaisuwa a kan bencin, gefen yayarta. Ana roƙon shugaba, idan zai zo, ya wanke hannu.