Ƙaton Babur a Ƙofar Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta ƙarshen damina ba, kuma ko ni na so mantawa, mutanen garin surukaina ba za su bar ni ba. Har yau idan abin ya faɗo mini a rai ina cikin cin tuwo, sai in ajiye lomar.

Ni ɗan Kankara ne, ina da shagon taki da maganin feshi kusa da kasuwa. Ba yaro ba ne ni, furfura ta fara leƙowa a gemuna, ga mata ga 'ya'ya. Amma tun ina saurayi nake fama da son ƙaton babur, irin na masu doguwar tafiya, mai gilashi a gaba da akwatuna a gefe. Shekarar da masara ta yi daraja, ciniki ya buɗe, aljihuna ya ɗan yi nauyi, sai na sauka Kano na dawo da shi. Ɗan Kwatano ne, baƙi wuluk, nauyinsa ya kusa na bijimi. (Ranar da zan shigar da shi gida sai da aka fasa dokin ƙofar zaure. Maƙwabta suna tsaye suna cewa Allah ya sanya alheri, irin addu'ar nan da ake yi da gefen baki.)

Matata Rabi ta zagaya shi, ta dube ni ta ce, "Baban Sadiya, wannan hawa za ka riƙa yi ko kiwo?"

Ashe kiwon ne. Ba ya shan man 'yan bumburutu, in ka ba shi sai ya yi ta tari. Baƙin mansa sai an aiko daga Kano, haka taya, haka fulogi. In ka bar shi 'yan kwanaki ba ka tayar ba, batir ya mutu. Kullum da safe, kafin in karya, ina tsugune ina goge shi, ina ɗiga wa sarƙa mai, Rabi na wucewa da bokiti ba ta ko kallona. Kuma duk girman nan nasa ba ya ɗaukar buhun taki ko ɗaya. Tsohon ƙaramin babur ɗina shi ke aikin shago, shi kuwa wannan sai dai a wanke shi a fita da shi da yamma. Duk da haka ina son abina. Idan na hau kwalta ya miƙe, iska na dukan ƙirjina, sai in ji duk damuwar duniya ta koma baya.

Abu ɗaya ne ya dame ni: ba shi da ƙara. Gurnani kawai yake yi a hankali kamar kyanwa ta ƙoshi. Ina amfanin ƙaton babur in sai an ga mutum sannan a san ya zo? Na kai kukana wurin Ɗanjuma bakanike, wanda ya taɓa zama a Kaduna yana taɓa irinsu. Ya ƙwanƙwasa salansar babur ɗin ya ce, "Alhaji, in na cire abin da ke cikin nan, kana Ketare za a ji tahowarka a Kankara." (Ban taɓa zuwa Makka ba, amma duk mai irin wannan babur Alhaji ne.) Na ce ya cire. Da ya tayar, kajin unguwar suka watse, ni kuwa baki har kunne.

Ana nan sai bikin Hauwa'u, ƙanwar Rabi, ya taso. Garinsu wani ƙauye ne gaba da Sabuwa, cikin itatuwa. Rabi ta riga ni tafiya da yara a motar haya. Tana ɗaure kaya ta ce, "Don girman Allah ka biyo mota. Ka san halin da garinmu yake ciki."

Na sani mana. Wa ke yankin nan bai sani ba? 'Yan bindiga sun sha shiga garin a kan babura, sun kora shanu, sun tafi da mutane. Mu ma a Kankara ba labari muke ji ba. Amma a lokacin an ɗan sami sauƙi, kuma gaskiyar magana hankalina yana wani wuri. Mijin yayar Rabi kullum da motarsa yake zuwa, a tarbe shi, a shimfiɗa masa darduma kusa da surukinmu Baba Alhaji, ni kuwa in sauko daga motar haya da ƙurar hanya. Na ce a raina wannan karon za a san Rabi ma ta yi aure. Na ce mata, "To, zan duba." Ta san ma'anar "zan duba" ɗina.

Ranar ɗaurin aure na saka shadda ruwan sararin sama, ta sha sitaci, na ɗora baƙar jaket a kai, baƙar safar hannu, da hular kwano mai baƙin gilashi wadda ba a ganin ko ƙwayar idon mutum. Daga Kankara zuwa wajen Faskari tafiyar ta yi daɗi ƙwarai. Dawa ta yi kai hagu da dama, duwatsu sun yi kore, babur na tafiya kamar ba ya taɓa ƙasa. Daga nan hanya ta fara nuna halinta. Ramuka, taɓo, wani wurin sai na sauke ƙafafu ina tafiya kamar agwagwa. Kafin in kai Sabuwa na jiƙe sharkaf da gumi, kuma na makara. Duk da haka sai da na tsaya bakin wani rafi na wanke wa babur taɓo. Fuskata ban wanke ba.

Ina shan kwanar shiga garin na hango taro a ƙofar gidan Baba Alhaji, ƙarƙashin bishiyar ɗorawa. Tabarmi cike da mutane, farare da shuɗɗan riguna, liman a tsakiya. Zuciyata ta ce, yanzu ne lokacin. Na damƙe kuloci, na murɗa totur har ƙarshe, na saki, na sake murɗawa. Ƙarar ta daki katangu ta dawo, sannan salansar ta yi wani irin fat-fat-fat, wanda ko ni da ke kai na ji kamar harbi.

Taron ya dare. Wallahi da farko na ɗauka hanya ake ba ni, har na ɗaga hannu ina gaisuwa. Sai na ga dattawa suna tattare babbar riga suna faɗawa gonar dawa, wani ya kama katanga, takalma na tashi sama. Daga cikin gida wata mata ta ƙwalla ƙara, "Sun zo! Wayyo Allah, ga su nan sun zo!"

Na waiwaya baya da sauri don in ga su waye suka zo.

Waiwayar nan ita ta kayar da ni. Tayar gaba ta shiga yashi, kan babur ya juye, muka tafi ƙasa tare, shi a sama ni a ƙasa. Ƙafata ta dama ta maƙale ƙarƙashinsa, injin ya mutu, garin ya yi tsit. Ina kwance ina kallon takalma da huluna warwatse a kan tabarmi, a lokacin ne kaina ya kawo mini cewa babu kowa a bayana. Ni ne "sun zo".

Na yunƙura in janye ƙafa, ko motsi bai yi ba. Na kai hannu in kwance hular kwano, safar hannu ta hana ni kama maɓallin. Sai ga 'yan sa-kai na garin sun ɓullo ta bayan rumbu, wani da gora, wani da bindigar toka, suna matsowa a duƙe.

Na ce, "Ni ne! Ni ne!"

Babbansu ya ce, "Kai wa?"

"Mijin Rabi!"

Amma muryata a cikin hular kamar ta kwaɗo a tulu take fita. Na ga mai gorar ya ɗaga ta sama, na fara kalmar shahada.

"Ku dakata, samari."

Baba Alhaji ne. Shi kaɗai ya rage a kan tabarma, don ciwon gwiwa ba ya barinsa tashi sai an kama shi. Ya nuna ƙafata ta hagu da carbinsa ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin ɓarawon daji da shadda mai sitaci ba. Ku cire mashi kwanon nan mu gani."

Aka cire. Muka haɗa ido da surukina, mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa yarda na kalli tsakiyar idonsa ba.

Ya ce, "Kai ne?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Ina wuni?" (Ko ba komai ban sha wahalar durƙusawa ba, ina ƙasa tun tuni.)

Ya ce, "Lahiya lau. An zo lahiya?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Sai da ƙarti suka taru, har da mai gorar, suka ɗaga babur ɗin da "ya Allah". Na miƙe, wandon shadda ya tsage tun daga gwiwa har inda ba a faɗi. Mutane suka fara fitowa daga cikin dawa ɗaya bayan ɗaya. Liman ya dawo ba hula, ƙaiƙayi a gemu. Wakilin ango ya sauko daga katangar maƙwabta yana neman takalminsa. An tattake goro da dabino. Wani ya fara dariya, wani ya kama, har mijin yayar Rabi yana riƙe ciki. Na ji sanyi a raina, na ce in dai dariya ce zan iya ɗauka, har na fara tayawa.

Sai Rabi ta leƙo daga zaure, ta yafito ni. Idanunta sun yi ja. Ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Gwaggo Indo ta faɗi."

Gwaggo Indo yayar Baba Alhaji ce, ita ta riƙe Rabi tun tana ƙarama. A daminar da ta wuce aka ɗauke ɗanta Mudi a gona, har yau babu labarinsa. Da ta ji ƙarar babur ɗina, ta suri jikanta, ɗan Mudin, ta nufi ƙofar baya da gudu, ta yi tuntuɓe da turmi. Yaron bai ji ciwo ba, don ta tare shi da hannunta. Wuyan hannun nata ne ya karye.

An ɗaura auren, amma a gurguje. Baƙin da suka zo daga ƙauyukan kusa da yawa ba su dawo ba, gida suka wuce, wasu ma sun buga waya can an fara kwashe yara zuwa daji. Tukunyar miya ta kife a tsakar gida. Aka ce mini amarya tana ɗaki tana kuka. Duk wannan ina zaune a zaure, na rufe cinyata da jaket, ina jin nishin Gwaggo daga ciki lokacin da mai ɗori yake jan hannun.

Da aka gama na nemi izini na shiga. Tana jingine da bango, an ɗaure hannun da karare, jikan yana barci a gefenta. Na durƙusa a gabanta. Da ƙyar na ce, "Gwaggo, ki yafe mini."

Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, hannu ai zai warke. Ni dai na zaci na fara mance ƙarar nan. Ashe tana nan kwance." Ta juya wajen Rabi ta ce, "Ke, an ba mijinki abinci kuwa? Ya sha hanya."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Babur kuwa ya ƙi tashi, ko don faɗuwar ko don kunya. A bayan akori-kura mai ɗaukar masara aka loda shi, ni ma a nan na zauna, ina riƙe da shi har Kankara. Na sa aka kawo sabuwar salansa daga Kano, ya koma gurnaninsa na da. Ban sayar da shi ba, ƙarya ne in ce na daina sonsa. Ina hawa a kan kwalta, inda ba wanda zai firgita. Amma garin surukai a motar haya nake zuwa, in sauka da ƙurata kamar kowa.

Hannun Gwaggo ya warke a karkace. Ba ta iya daka, ba ta iya dama fura, sai an yi mata. Duk zuwan da zan yi da wannan hannun take ɗaga mini gaisuwa, tana murmushi, kuma ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sauran mutanen garin ne ba su da wannan kawaicin. Sunana ya ɓace a can, daga liman har masu shayi "Sun-zo" suke kirana, kuma ina amsawa.

Abin da na koya, da tsada, shi ne mutum ya fara sanin abin da jama'a ke tsoro kafin ya nuna musu abin da ya mallaka. Sannan in za ka gidan surukai, ka tafi da abin da ko ya faɗi za ka iya tayar da shi kai kaɗai.