Maficin Ummi

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da aka rufe makarantar su Ummi ba. Ko na so in manta ma matan unguwarmu a Rano ba za su bari ba, domin har yau idan na shiga gidan suna sai wata ta ɗago kai ta ce, "Maman Ummi, an taho mana da awarar?" a bushe da dariya. Ni ma dariyar nake yi yanzu. A ranar kuwa, da ƙasa za ta tsage da na shige na ja murfi.

Ummi ita ce 'yar farina. Tana da shekara biyu da rabi sanƙarau ya kwantar da ita, Allah ya tashi kafaɗunta, amma jin ya tafi. Sunan Hajiya, mahaifiyar maigidana, aka sa mata, saboda haka kunya biyu ce a kaina: ga ta 'yar fari, ga ta sunan suruka. A gaban mutane ban taɓa ce mata ko Ummin ba, sai dai "yarinyar nan" (a takarda ne kawai bakina yake buɗewa haka). Idan Hajiya ta zo daga Kibiya ta kwana biyu a wurinmu, ko kallon kirki ba na yi wa yarinyar. Ta faɗi ta kurje gwiwa sai in kau da kai, in jira kakarta ta ɗaga ta. Haka na ga an yi min, haka aka yi wa uwata.

Da ta kai shekara takwas muka sa ta a wani aji da aka ware a firamaren da ke bayan kasuwa, na yara masu buƙata ta musamman. Ba su fi goma ba, yawancinsu kurame. Malamarsu, Malama Saude, da yayanta kurma ta tashi, don haka maganar hannu a wurinta kamar shan ruwa. Tana da wata ɗabi'a da ta riƙa ba ni haushi da farko: ba ta miƙa wa yaro abu guda. Sai ta ɗaga biyu. Farin alli ko mai launi? Tabarma ko benci? Rubutu tukuna ko saƙa? Ta tsaya tana jira, ko da yaron zai ɓata minti biyar yana kallonta. Na ce a raina wannan baiwar Allah ba ta da tukunya a kan murhu. Ni a gida ni ke zaɓa wa Ummi rigar da za ta sa, da kwanon da za ta ci, da wurin da za ta zauna, har da ƙafar da za ta fara sa wa takalmi (wannan kam ina da gaskiya, dama ce sunna). Gani nake tausayi ne, wai kada in wahalar da ita.

To, damina ta yi nisa, duwatsun bayan gari sun yi kore shar, sai Ummi ta dawo da takarda. Malama ta rubuto cewa ranar rufe makaranta ana gayyatar iyaye. Kowane yaro ya yi wani aikin hannu a cikin shekarar, kuma a ranar zai zaɓi mutum ɗaya da kansa ya ba shi a gaban jama'a, ya faɗi dalili. An ja layi a ƙarƙashin "da kansa".

Mafici Ummi ta saƙa, na kaba, da ja da kore a bakinsa. Na tambaye ta da hannu, wa za ki ba? Kowa a gidanmu yana da alamar da take kiransa da ita. Hajiya, sai ta taɓa haƙori, saboda haƙorin Makka. Babanta, ta murza sitiyari. Ni kuwa, ta goge ido da bayan hannu (na san dalili, ko na ɗauka na sani: ni ce mai kuka idan an yanka kaza). Ko tunani ba ta yi ba, ta goge ido, ta nuna ni, tana washe baki.

Hajiya ta riga ta aiko cewa za ta zo, ita da Larai, ƙanwar maigidana, wadda bakinta ba ya ajiye komai. Na hango kaina a tsakiyar taro, 'yar fari ta tsallake kakarta, takwararta, ta miƙo min kyauta, ni kuma na sa hannu na karɓa. Ai kafin la'asar labarin ya kai Kibiya: matar wane ba ta da ta ido.

Sai na shiga aiki. Ummi ba ta haɗa awara da komai a duniya. Na sayo waken suya, na jiƙa, na kai markaɗe, na soya ta da ƙwai, na daka yaji mai tafarnuwa. Na zaunar da ita a gindin murhu, na taɓa haƙori, na yi alamar miƙawa, na nuna kwanon. Ta goge ido. Na girgiza kai, na ɗaure fuska, na sake taɓa haƙori. Kwana uku muna wannan karatun. A rana ta uku ta daɗe tana kallona, sannan ta taɓa haƙorinta a hankali, ta ɗauki awara. Na yi mata alƙawarin in ta yi daidai, ranar da kifi za a haɗa. Har addu'a na yi bayan sallar azahar, Allah ya shiryi yarinyar nan (wato ya shirye ta zuwa ga abin da na tsara). Ban ji ko ɗar ba. Tarbiyya na kira abin.

Ranar ta zo. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar makaranta, maza gefe, mata gefe, kowace da hijabinta har ƙasa. An aro lasifika daga Islamiyyar da ke maƙwabtaka. Hajiya ta sha turare, an ba ta kujera a gaba. Ni na raɓe a bayanta, Larai a gefena tana ɓare gyaɗa.

Malama Saude ta fara da waiwayen shekara. Ta ce da yaran suka zo, in ta ɗaga abu biyu ba sa kallon abin, fuskarta suke kallo, su gano wanda take so su ɗauka. Ta ce wata uku ta yi tana koyon ajiye fuska ba yabo ba fallasa kafin ɗaya daga cikinsu ya miƙa hannu don ransa ya so. "Yaron da ba ya ji," in ji ta, "kowa gaggawar yanke masa yake yi, don tambayarsa tana cin lokaci. Ku iyaye, ya abin yake a gida?" Sai idonta ya faɗo kaina, don ni ce mai rubuta wa matan takarda in ta taso, tunda na yi sakandare. "Maman Ummi, ko za ki ce wani abu?"

Da na san abin da ke tafe da na ce makogwarona na ciwo. Amma lasifika wata irin aba ce, tana shiga hannunka sai ka ji ka zama mai wa'azi. Na miƙe, na yi sallama, na yi salati, na ce, "Mu dai a gidanmu, alhamdulillahi, yarinyar nan abin da ranta yake so shi take yi. Ba ma tilasta mata komai. Ina kira ga 'yan'uwana mata da mu ji tsoron Allah, mu bar yaran nan su zaɓa da kansu, amana ce." Har da "amana ce"! Aka yi kabbara. Wata tsohuwa ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Na zauna ina jin kaina kamar an yi min naɗi.

Aka fara kiran yara. Wata yarinya ta ɗauki faifan da ta saƙa, ta wuce uwarta, ta wuce ubanta, ta kai wa maigadin makaranta, wai shi yake kore mata karnuka a hanya. Uwar ta yi dariya har da tafi. Na ce a raina, kin ga irinta, da an shirya yarinyar da ba a yi haka ba.

Sai aka zo kan Ummi. Hedimasta ya riƙe wa Malama lasifikar a bakinta don hannuwanta su samu sarari. Ta tambaye ta, tana fassarawa da ƙarfi kamar yadda ta yi wa sauran. Ummi ta taɓa haƙori.

"Ta ce Hajiya za ta ba."

Na sauke ajiyar zuciya. Hajiya ta gyara zama.

"Me ya sa?"

Ban shirya mata wannan ba. Wallahi na manta da zancen dalili ɗungurungum. Hannuwan Ummi suka fara gudu, ita kuma Malama idonta na kan hannuwan, bakinta na bin su kafin hankalinta ya iso.

"Ta ce don Umma ce ta ce ta ba ta. Ta ce ita ba haka ta so ba, Umma ta ɗaure fuska. Ta ce Umma ta soya mata awara, kwana uku, ta ce in ta ba Hajiya yau har da kifi za a..."

Malama ta kama bakinta. Amma lasifikar Islamiyya ba ta san rufin asiri ba, maganar ta riga ta kai bakin kasuwa.

Larai ce ta fara fashewa da dariya, gyaɗa ta sarƙe ta, tana tari tana cewa, "Amana ce! Wayyo cikina, amana ce!" Mata suka ɗauka. A ɓangaren maza sai gyaran murya kake ji. Na saci kallon maigidana, ya cire hularsa yana duba cikinta kamar yau ya fara ganin ɗinkin. Tsohuwar da ta sa min albarka ta juyo ta dube ni sama da ƙasa, ina jin so take ta karɓi abarta.

Na ja hijabi na rufe har hanci. Ta 'yar kafar da ta rage na hango Ummi, kuma abin da na gani ya fi dariyar ciwo. Ita ba ta jin komai. Bakuna kawai take gani a buɗe, ba ta san ko ita ake wa dariya ba. Ta nufo Hajiya da maficin a miƙe, amma idonta na kaina, tana neman ta ga ko ta yi daidai. Shekara guda Malama ta yi tana raba ta da wannan kallon, ni na dawo mata da shi da kwano ɗaya.

Hajiya ta mayar da hannuwanta baya. "A'a," ta ce, yadda kowa zai ji, "ni ba za a sa ni cin hanci da tsufana ba. Na je Makka." Aka sake kecewa. Sannan ta waiwayo, ta rage murya. "Ke, fito da hannuwan nan daga cikin hijabi ki yi mata magana. Ba ni take kallo ba."

Na fito da su. A gaban surukata, da dangin miji, da rabin Rano, na nuna Ummi, na buɗe tafuka biyu kamar yadda na sha ganin Malama tana yi: ke, wanne? Na yi iya ƙoƙarina in saki fuska.

Ta dubi Hajiya, ta dube ni. Sai ta kwaso da gudu ta cusa min maficin a ƙirji, har ta buge min haɓa. Ta juya wajen Malama ta yi ta zuba hannu. Wannan karon Malama ta kalle ni tukuna, na ɗaga kai, me ya rage kuma?

"Ta ce Umma da baki take hura wuta. Kullum hayaƙi na sa ta hawaye. Ta ce shi ya sa ta zaɓi saƙa mafici tun farkon shekara."

Ashe ba ragwantar zuciyata take kira ba duk lokacin da ta goge ido. Na rungume ta, karo na farko a gaban Hajiya, na yi kukan da babu hayaƙi a cikinsa. Larai na bayana tana cewa, "To, yau kam an sauke kunya, sai a nemo mata mazubi."

A hanyar gida, a cikin adaidaita sahu, ina ta jiran faɗa. Hajiya ta daɗe tana kallon gonakin masara, sannan ta ce, "Kunyar ɗan fari mu ma mun yi ta, har mun fi ku. Amma namu suna jin murya. Ko tsawa ka yi wa yaro yana ganewa a ciki ko ana son sa. Ita wannan ta ina za ta ji? Sai abin da ta gani."

Tun daga ranar nake ɗaga abu biyu, in mayar da fuskata kamar ta mai hoton katin zaɓe, in jira. Ba sauƙi. Da ƙaramar Sallah ta zaɓi atamfa ruwan goro da mayafi shuɗi mai walƙiya, haɗin da ko a mafarki ba zan yi ba, muka zaga dangi a haka. Duk wadda ta tambayi wa ya haɗa mata kayan, sai in ce ita ce, in haɗiye sauran maganar.

Abin da na koya, in ka ce wa yaro ya zaɓa, to ka cire hannunka da fuskarka daga ciki. Sannan duk wadda za ta miƙe a taron makaranta ta yabi tarbiyyar gidanta, ina ba ta shawara ta 'yar'uwa: ta bari sai yaran sun gama magana tukuna.