Ƙamshin Ƙanzo a Bakin Motar Tako

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na ɓarke da kuka a bainar jama'a a Doha ba, ƙato da ni, da gemu, ga abinci a hannu.

Lokacin ba a daɗe da rasuwar Inna, mahaifiyata, ba. Ina bakin aikin gadi a wani dogon bene a West Bay aka kira ni, kafin in tashi aiki har an kai ta makwancinta a Funtuwa. Ban yi kuka ba. 'Yan'uwa Hausawa da ke Doha suka yi ta zuwa ɗakinmu a Madinat Khalifa, ana "ya haƙuri" ina "da godiya", ido a bushe. Har yaba dauriyata ake yi, ni kuma (Allah ya yafe mini) ina jin daɗin yabon. Da ma ni ne malamin ɗakin. Akwai Nura a ɗakin, wani direba ɗan garinmu da na ɗauka kamar ƙane. Da mahaifinsa ya rasu, ni na dafa shi na ce namiji ba ya kuka, mamaci addu'a yake buƙata.

Shi Nuran ne ya lura na daina cin abinci, ya matsa sai mun je unguwar Nu'aija, wai akwai wata motar sayar da abincin Meziko da mutane ke layi a kanta. Sunan abin tako: ɗan fallen waina ne na garin masara, a zuba nama da albasa a ninke. Na yi ta mita a layi cewa wannan ai loma biyu ce, sannan na ce ya karɓo mini marar yaji don cikina ba daidai yake ba (Bahaushe guda, wai marar yaji).

Gefen tawa wainar ya ɗan ƙone a kasko. Ina kai ta baki na ji ƙamshin ƙanzon tuwon masara, sak irin na tukunyar Inna. Tun ina yaro ni take ɓoye wa ƙanzo, ta jiƙa shi ta kwaɗa da ƙuli da mai, ta ba ni a bayan ɗaki kada sauran su gani. Ko hutuna na ƙarshe da na je gida sai da ta ajiye mini. Nan take na gane ba mai sake ajiye mini komai, kuma ban ga fuskarta ba aka rufe ta.

Ba hawaye na mutunci ya zo ba. Kuka ne da sauti, har da shessheƙa da majina. Larabawa da iyalansu suka juyo, Indiyawa suka juyo. Ni kuma don in kare kaina sai na ɗaga murya, da Hausa da Turanci, na ce yaji ne ya yi yawa.

Mai motar, bawan Allah, ya fito a guje da kofin madara yana ba ni haƙuri. Sai ya dubi abin da ke hannuna, ya dubi Nura, ya ce cikin mamaki ai babu yaji ko kaɗan a wannan, irin wanda suke yi wa yara ne. Wata 'yar yarinya a gefena tana cin irinsa hankali kwance, tana kallona. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Nura bai yi dariya ba. Ya matso ya tsaya a gabana, ya kare ni daga idon mutane, ya ce a hankali, "Yaya, khalas, ya isa haka, yi kukanka. Ni ma nawa a banɗaki na yi, don kada ka ji."

Wannan maganar ta fi ta mai motar kashe ni da kunya. Na tsuguna a gindin motar na yi mai isata, sannan na shanye madarar, tunda an riga an kawo.

Tun daga ranar na ajiye malanta a wurin ta'aziyya. Kuma na koyi cewa kuka idan ya zo, gara ka ba shi wuri a ɗakinka, don in ka hana shi, shi zai zaɓi inda za a yi.