Shafin da Ya Koyi Gaisuwa

Idan ana lissafin masana a Dutse, sai a fara cire Malam Zainulabidin a ajiye gefe, don kada sauran su ji kunya. Shi ne jami'in yaɗa labarai na wata ƙungiyar makiyaya da manoma. Tun da ya yi kwas ɗin kwana uku a Kano ya dawo da tabarau da jakar kwamfuta, ya haramta a kira shi Malam. Injiniya ne. Masu adaidaita sahu na bakin ofis suka ƙara masa da Danna-Ka-Huta, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Ƙungiyar tana da shafin intanet, kuma duk abin da aka saka a kai yana shiga wayoyin 'yan ƙungiya daga Jahun har Taura. Hindatu, sakatariyar ofis, ita ke saka sanarwa, shekara biyu ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Wannan zaman lafiyar ne ya dami Injiniya.

"Shafin nan ba shi da tarbiyya," in ji shi ranar Litinin. "A ambaci mutum kamata, ya yi gum kamar an ambaci buhun gero? Yanzu zamanin koya wa na'ura ne: idan kaza ya faru, ki yi kaza. Kana kishingiɗe, aiki na yin kansa."

Ya zauna ya gindaya wa shafin dokoki. Duk sa'ad da sunansa ya fito, shafin ya buga: "Muna taya Injiniya murna, Allah ya ƙara ɗaukaka." Kuma tunda ɗan mutunci ba ya barin gaisuwa a ƙasa, duk taya murnar da ta fito shafin ya amsa a madadinsa: "Na gode, na karɓa hannu bibbiyu. Injiniya Zainulabidin." Rubutun da bai fara da gaishe shi ba kuwa, kwandon shara kai tsaye.

Hindatu ta ce, "Ranka ya daɗe, amsar ma ai da sunanka a ciki. Ba zai sake taya ka murna ba?"

"In ya sake, laifi ne? Hindatu, ilmin nan ya fi ƙarfin sakatariya."

Ya danna. Shafin ya taya shi murna. Shafin ya gode wa shafin. Shafin ya ga suna a cikin godiyar, ya sake taya murna. Haka suka riƙe hannun juna kamar dattawa biyu a kasuwar Jahun, kowa yana jin nauyin ya riga saki. Kafin azahar saƙo ɗari shida ya fita. A rugage wayoyi suka yi ta kuka har batir ya mutu, masu sauran caji suka kashe nasu suka cusa a ƙarƙashin tabarma. Injiniya kuwa yana ofis yana share ƙwalla, wai bai san jama'a suna ƙaunarsa haka ba.

Ana cikin wannan biki ciwon huhu ya ɓulla a garkunan Taura. Likitan dabbobi ya turo sanarwa: allurar rigakafi ranar Alhamis, yini ɗaya tak, don maganin cikin ƙanƙara yake zuwa. Bawan Allah bai gaida Injiniya ba, sanarwarsa ta tafi shara. Hindatu ta sake bugawa da gaisuwa, ruwan taya murna ya binne ta cikin minti ɗaya. Ta roƙe shi kalmar sirri ta kashe dokokin. Ya ce ba a katse wa jama'a yabo.

Ranar Alhamis likita ya yini a gindin tsamiya, ƙanƙara ta zama ruwa. Shanu uku ya gani, su ma wucewa suke yi.

Ranar Asabar Baffa Modibbo, babban dattijon ƙungiyar, ya iso Dutse da 'yan kwamiti. Karsana biyu ya rasa, ransa a ɓace yake matuƙa. Ya ce, "Injiniya, shekara sittin ina bin saniya, ban taɓa ganin wanda ya yi ta gaida kansa har dabba ta mutu ba. Likita ya yarda ya dawo Talata, in sanarwa za ta isa. Ka ba yarinyar nan kalmar sirrin."

Injiniya ya gyara tabarau. "Baffa, ci gaba ba ya zuwa sai da sadaukarwa. Nan da shekara hamsin za a rubuta sunana."

Kwamiti ya ce ba sai an jira hamsin ba, yanzu za a rubuta. Suka tsige shi nan take. Ya buga tebur, ya rantse ba mahaluƙin da zai ji ya amince, ko za a je Kotun Ƙoli.

Hindatu ta buga sanarwar tsigewar, da gaisuwa da cikakken suna kamar yadda ya koyar. Wayoyin 'yan kwamiti suka sake ɗaukar ƙara. Ɗayansu ya karanta da ƙarfi: "Muna taya Injiniya murna." Ya matsa ƙasa: "Na gode, na karɓa hannu bibbiyu."

Baffa Modibbo ya miƙa tafin hannu. "Madalla da ɗan halak. Tunda ka karɓa da biyu, miƙo makullin ofis da ɗaya."