Ranar da Na Kai Wayar Gwamnati Gidan Lalle

Ba zan taɓa mantawa da wayar gwamnati mai lamba bakwai ba, ko da na tsufa haƙorana sun zube. Wata biyu ke nan da faruwar abin.

Bayan na gama sakandare na yi shekara guda cur a gida a Kazaure, ba karatu ba sana'a, sai wanke-wanke da kallon duwatsu. Da aka tashi ɗaukar ma'aikatan wucin gadi na riga-kafin yara gida-gida, Gwaggo Hansai, yayar Babanmu wadda ta daɗe a aikin, ta sa sunana. Baba bai so ba. Sai da ta yi ta zarya kafin ya ce, "Na yarda. Amma daga gida sai aiki, daga aiki sai gida. Ranar da na ji kin ratse wani wuri, aikin ya ƙare." Na ce to, har da durƙusawa.

Ranar horo, mai duba aikinmu Malam Sabi'u, wani gajeren dattijo mai sanƙo, ya ɗaga wata 'yar baƙar waya. "Wannan ba ta kira ba ce," in ji shi. "Ku jefa ta a jaka kawai. Duk ƙauyen da kuka shiga, duk rugar da kuka taka, tana gani. Da an tashi aiki a dawo min da ita hannu da hannu. Kun fahimta ko?" (Wai a da akwai masu zama gindin bishiya su cike takarda su ce sun zaga gari. Su suka ja mana.) Ni da Gwaggo aka ba mu lamba bakwai. Ita ke ɗiga wa yara magani, ni ke rubutu da yin alama da alli a bango, don haka wayar a jakata ta zauna.

A rana ta uku aka tura mu rugagen bayan Gwiwa. Fulanin ba su ba mu wahala ba, kafin azahar mun gama. Matar harɗo ta tsare Gwaggo da fura, Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, yi gaba ki miƙa wa Malam wayar, ni sai na yi salla."

To, a ranar ake lallen yayar ƙawata Jamila a Roni. Na tsaya bakin hanya na yi shawara da zuciyata, ita kuwa zuciyata ba ta taɓa ba ni shawarar kirki ba. Ta ce wayar ai ba gudu za ta yi ba, gobe ma rana ce. Na tare mai babur.

Na fara biyawa Kazaure karɓar ankona a shagon Nura tela. (Nura ya daɗe yana ɓata lokaci wajen awon hannun rigata, na kuma daɗe ina yin kamar ban gane ba.) Ranar dai ya tattaro ƙarfin hali ya faɗi abin da ke ransa. Na sunkuyar da kai na ce ya je ya ga Baba. Daga nan sai Roni.

A gidan lalle kuwa na saki jiki. Na ɗaura faifai a ka, na turo ciki gaba, na dinga kwaikwayon Malam Sabi'u: "Kun fahimta ko? Kun fahimta ko?" 'Yan mata har da masu birgima. Na ce sanƙonsa in rana ta doke shi sai ka ga fuskarka a ciki. Na ba su labarin Nura tas, har da yadda almakashi ya faɗi daga hannunsa. Sai da zan tafi, lalle bai gama bushewa a hannuna ba, na ce Jamila ta ciro min mayafi a jaka. Ta ciro baƙar wayar.

"Wannan fa?"

"Ta gwamnati ce. Tana ganin inda muka je."

Jamila ta jefar da ita kan katifa kamar ta taɓa kunama. "Na shiga uku! Kin shigo mana da gwamnati har ƙuryar ɗaki? Ke ba ki san irin su suna naɗar magana ba? Duk abin da kika faɗa yana Abuja yanzu!"

Na koma gida da ita. Na naɗe wayar a tsumma, na cusa ta a tukunyar ƙasa na rufe da murfi, don kada ta ji abin da ake faɗa a gidanmu. Ko tuwo ban iya ci ba. Washegari na mayar da ita jaka, a wurin aiki ban ce uffan ba sai da hannu, har Gwaggo ta tambaye ni ko haƙori ke ciwo.

Bayan la'asar aka tara mu a wani ajin firamare a Gwiwa don bitar aiki. Aka haska taswira a bango da majigi. Kowace ƙungiya sawunta ya fito ɗigo-ɗigo, a dunƙule cikin ƙauyenta kamar kashin awaki. Sai wani layi guda da ya ɓalle daga rugage, ya miƙe sambal har Kazaure, ya yi tsugunne a wata kwana, ya sake zabura ya nufi Roni.

Malam Sabi'u ya nuna shi da sanda. "Wa ke riƙe da lamba bakwai?"

Abin da ya tambaya ke nan fa. Ni kuwa na riga na yanke cewa mai laifin da ya amsa da kansa ana yi masa sassauci. Na miƙe, hawaye sun riga ni.

"Ranka ya daɗe, ni ce. Don Allah ka yafe min. Maganar sanƙon nan wallahi wasa nake, ba ya ƙyalli haka sosai. Faifan ma ba nawa ba ne. Kuma abin da kuka ji Nura tela ya faɗa, ni ban ce ina son sa ba, cewa na yi ya je ya ga Baba. In kun saurara da kyau za ku ji!"

Malam Sabi'u ya kai hannu a hankali ya gyara hularsa.

"'Yata," ya ce, "wayar nan ba ta da kunne. Sawu kawai take gani. Ce miki zan yi ki riƙa dawo da ita kan lokaci."

Wata mata a baya ta fara dariya, sai ajin ya ɗauka gaba ɗaya. Har mai kula da majigin ya kifa kai a tebur. Na nemi ƙasa ta tsage, siminti ne.

Gwaggo Hansai ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam, yarinya ta yi laifi, ni zan ji da ita. Amma ku ma a duba. In gwamnati na son ta san mun shiga ruga, ta sani, haƙƙinta ne. Inda mace ta je bayan ta gama aikinta kuwa, ba a bango ya kamata a haska shi ba." Malam ya ce gaskiya ne, daga yau sawun lokacin aiki kawai zai riƙa nunawa. Sannan ya dube ni ya ce, "Kin fahimta ko?" Aka sake fashewa.

Saura Baba. Labari ya riga ni isa gida, ba ta hannun gwamnati ba, ta bakin matan unguwarmu biyu da ke cikin ajin. Na same shi a zaure na zube. Ya daɗe yana kallona, gefen bakinsa na motsi.

"Kin gama rugagen kafin ki tafi yawon?"

"Na gama, Baba."

"To aikin ki ci gaba, tunda Yaya ta tsaya miki. Amma in kin sake, ba sai an haska min bango ba. Shi kuma telan, tunda ma'aikatan ƙaramar hukuma kaf sun ji zancensa, a gaya masa mu ma muna da kunne."

Har yau ban san su wa da wa ke kallon taswirar nan a can sama ba, kuma abin na damuna, ba zan ɓoye ba. Kullum muka tashi, ni ce ta farko wajen miƙa wayar. Amma na koyi abu guda: kafin ki roƙi gafara, tsaya tukuna ki ji me aka sani. Gwamnati da na'urarta da majiginta sawuna kawai ta samu. Sauran duk ni na ba ta kyauta, a tsaye, da babbar murya.